Totur Mai Aiki da Lantarki a Tsohuwar Mota: Gane Ciwonsa da Canza Shi

Totur shi ne ƙofar da iska ke bi ta shiga injin motar fetur. Guntun bututu ne na alminiyam da ke tsakanin tiyon iyakilina da bakin injin, a cikinsa kuma akwai faifan ƙarfe mai juyawa a kan sanda. Idan faifan ya tare bututun, iska kaɗan ce ke samun hanya, injin ya zauna a silo. Idan ya juya ya ba da gefe, iska ta kwarara, injin ya ɗauki wuta. Direba kan ce ya ba mota mai sa'ad da ya taka, alhali iska ya ba ta. Man yana biyo baya ne daidai da iskar da ta shiga, wajen giram ɗaya na fetur ga kowane giram 14.7 na iska, kuma kwamfutar motar, wadda ake kira birenbos a gareji, ita ke auna wannan rabo ta umarci nozul su fesa.

Shekaru da yawa igiyar ƙarfe ce ke haɗa ƙafar direba da wannan faifai. Haka Peugeot 504 take, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, haka 505, haka ma motocin injekta irin su Golf 3 da Camry ta shekarun 1990. Bakaniken da ya koyi aiki a kansu yana iya tsayawa gaban mota ya ja totur da yatsa, ya saurari kukan injin, ya gane inda ciwo yake. Igiya in ta tsinke a gani, in ta saki a ɗaure. Daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da BMW ya fito da 750i, kamfanoni suka soma cire igiyar suna sa wayoyi da ɗan ƙaramin injin lantarki, wato moto, a madadinta. Toyota ya sa wannan tsari a Camry ta 2002, wadda ake wa laƙabi da Big Daddy, ya sa a Corolla ta kasuwar Amurka daga 2005, kuma zuwa 2010 da wuya a sami sabuwar motar fetur mai igiya. Dalilinsu shi ne rage hayaƙi da shan mai, da ba kwamfuta ikon sassauta injin lokacin da giya ke canzawa ko taya ke santsi.

Waɗannan motoci su ne yau suka cika titunan Sabon Garin Zariya, daga PZ zuwa Kwangila zuwa Samaru, su ne kuma ke kwana a garejojin Muciya da Cikaji. Yawancinsu sun haura shekara goma sha biyar, wasu sun wuce ashirin, kuma sun gama bautarsu a Amurka ko Turai kafin su biyo ta Kwatano ko Legas. Saboda haka a hannun mutanen nan totur ɗin ke tsufa, a kansu kuma kuɗin gyaransa ke faɗawa.

Yadda tsarin yake

A gindin abin takawa akwai sansa guda biyu da ke auna nisan da ƙafa ta danna. Saƙonsu yana tafiya birenbos. Birenbos ta haɗa shi da sauran abin da ta sani, kamar zafin injin, da gudun mota, da ko an kunna iyakwandishan, sannan ta aika wuta ga moton da ke jikin totur. Moton ya juya wasu ƙananan giyoyi, galibi na roba mai tauri, su kuma su juya faifan. A ƙarshen sandar faifan akwai wasu sansa biyu da ke mayar wa birenbos da labarin inda faifan ya kai. Shi ya sa soket ɗin totur yake da baki shida a yawancin motoci: biyu na moto, ɗaya na wutar volt 5 da birenbos ke bayarwa, ɗaya na at, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, biyu na saƙon sansa.

An sa sansa bibbiyu ne domin kowanne ya zama shaida a kan ɗan uwansa. A wasu motocin, musamman masu kayan Bosch, wutar ɗaya tana hawa yayin da ta ɗayan ke sauka, jimlarsu ta tsaya kusa da volt 5. A Toyota duka biyun hawa suke yi, sai dai kowanne da inda yake farawa: na farko yana ƙasa da volt ɗaya ko daf da shi idan faifai na rufe, na biyu kuma sama da volt biyu. Muddin shaidun biyu suka saɓa, birenbos ba ta tsayawa tantance mai gaskiya. Yanke wutar moto take yi, wani sifirin ya ja faifan zuwa wani matsayi da ya ɗan buɗe da 'yan digiri kaɗan, motar ta koma tafiyar rarrafe, ko an taka har ƙasa ba ta amsawa. Wutar cek ta kama a dashbod. A Volkswagen da Audi haruffan EPC ne ke fitowa, a Ford hoton sifana, a Jeep da Dodge hoton walƙiya.

Da gangan aka tsara wannan rarrafe, domin gara mota ta ƙi gudu da ta yi gudun da ba a umarce ta ba. Amma wanda hakan ya same shi yana tsakiyar wuce tirela a hanyar Kaduna ya san cewa kariyar ma tana da nata haɗarin. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, sau da yawa in aka kashe motar aka sake tayarwa sai ta dawo garau, har ta yi mako ba ta sake ba. Mai mota ya ce ai ta warke. Ba ta warke ba, kuma karo na gaba ba ya zaɓar wuri.

Abin da ke lalata shi

Datti ne kan gaba, kuma shi ne mafi sauƙin magani. Tururin baƙin mai da ke tasowa daga cikin injin ana mayar da shi ne ta hanyar iska domin ya ƙone, kuma a tsohon injin tururin yana da yawa. Idan ya gamu da ƙurar hunturu, wadda ke shigowa ta iyakilina da ta yage, ko wadda aka yi ta bugawa da iskar falkanaiza maimakon a canza, ko ta tiyon da aka manta ba a ɗaure ba, sai su zama wani baƙin danƙo. Wanda ya cire tiyo ya haska tocila zai ga zobe baƙi ƙirin a jikin bututun, daidai inda gefen faifan ke tsayawa. Ratar da iskar silo ke bi ba ta fi kaurin takarda da yawa ba, don haka ɗan danƙon nan ya isa ya shaƙe ta. Alamarsa ita ce silo ya yi ƙasa, motar ta riƙa kakkarwa, ta mutu a mahaɗar titi ko lokacin da aka kunna iyakwandishan ko aka murɗe sitiyari har ƙarshe.

Na biyu shi ne cinyewar sansa, kuma nan ne ainihin tsufa yake. Totur masu lantarki na farko-farko da yawa suna auna matsayin faifai ta hanyar gogayya. Idan aka buɗe murfin roba na wanda ya mutu, za a ga wasu baƙaƙen layuka masu lanƙwasa kamar baka a jikin wani faranti, da wasu siraran yatsun ƙarfe masu kama da gashin buroshi da ke shafar su. Duk motsin ƙafar direba, yatsun nan suna kai da komo a kan layin. Ba duk layin ke cinyewa ba. Wurin da faifai ya fi daɗewa, wato tsakanin silo da matsakaicin gudu, shi ke gogewa har ya yi fari, sauran kuma yana nan kamar sabo. Da yatsun sun iso wannan gurbi sai saƙo ya ɗauke na ƙiftawar ido, motar ta fizga, ko allurar injin ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai. Mota mai yawan zama cikin cunkoso, irin na bakin kasuwar Sabon Gari, ta fi mai doguwar tafiya saurin kaiwa nan.

Shahararren misali shi ne na Volvo. Motocinsa na 1999 zuwa 2002, irin su S80 da V70, sun zo da totur na kamfanin Magneti Marelli wanda layin sansarsa ke cinyewa tun motar ba ta tsufa ba. Koke ya yi yawa har kamfanin ya tsawaita garantin wannan kaya a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 200,000. Ford ma ya yi makamancin haka a 2014 ga motoci kusan miliyan 1.6, ciki har da Escape da Fusion, saboda matsalar lantarki a cikin totur ɗinsu. Daga baya yawancin kamfanoni sun koma sansa mai aiki da maganaɗisu, wanda babu abin da ke taɓa wani a cikinsa, saboda haka ba ya gogewa. Shi ma yana mutuwa, amma zafi da ruwa ne ke kashe shi.

Na uku shi ne wayoyi da soket, kuma a nan ƙasar babu abin da ya kai su sa a yi wa totur ƙazafi. Saƙon da ke bin waɗannan wayoyi ƙanƙani ne ƙwarai, ta yadda tsatsa kaɗan a bakin soket ta isa ta sa shaidun biyu su saɓa. Wankin injin da ruwa mai ƙarfi yana cusa danshi cikin soket. Kududdufin damina yana yin haka. Ɓera yana cin waya a motar da ta daɗe a ajiye. Gargada tana karya waya daga ciki, robar waje tana nan lafiya lau. Akwai kuma wayar da wani mai wayarin ya taɓa hudawa da allura don gwaji ya bar ramin a buɗe, ruwa ya bi ya ruɓar da tagullar. Batir mai rauni, ko kan batir da ya saki, ko wayar at da ta yi tsatsa a jikin bodi, duk suna iya jawo wutar cek da sunan totur. Al'adar nan ta cire kan batir injin na aiki don a ga ko altaneta na caji ta dace da zamanin 504. A motar kwamfuta tana iya ƙona birenbos, kuma ya kamata a daina ta kwata-kwata.

Daga ƙarshe akwai haƙoran giyar roba da ke karyewa, da moton da ke gajiya. Waɗannan sukan zo da ƙarar ƙas-ƙas daga jikin totur lokacin da aka murɗa makulli.

Bincike kafin saye

Wahalar wannan ciwo ita ce ya faɗo tsakanin sana'a biyu. Bakanike yana ganin kayan injin ne, mai wayarin yana ganin kayan wuta ne, kuma a garejoji da yawa kowannensu rabin aikin ya sani. Sai a fara canje-canje: yau filogi, gobe famfon mai, jibi wankin nozul, gata a ce, "Alhaji, sai dai a sayo totur." Wani lokaci a dace, sau da yawa kuwa an bar jaki ana dukan taiki. Kuɗin da ke tafiya a wannan lalube ya fi kuɗin bincike na gaskiya nesa ba kusa ba, kuma mai ƙaramin ƙarfi, malamin makaranta ko direban haya, shi ya fi jin jiki.

Bincike yana farawa da tambayar mai mota. Yaushe take yi, da sanyin safiya ko bayan ta yi zafi? A kan gargada ko a shimfiɗaɗɗen titi? Bayan wanki ko ruwan sama? An taɓa batir ko an yi wani aiki a injin kwanan nan? Ciwon da ke zuwa bayan ruwa ko a kan gargada yana nuna waya. Wanda ke zuwa kullum a daidai gudu ɗaya yana nuna sansa da ya goge. Sannan a auna batir: lafiyayye yana ba da kusan volt 12.6 injin na kashe, da 13.5 zuwa 14.5 injin na aiki. In wannan bai daidaita ba, duk wani awo na gaba ɓata lokaci ne.

Sai na'urar sikanin. Tun daga motocin 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. Ke nan kusan duk motar da ake magana a kanta a nan tana da shi. Akwai manyan na'urori masu tsada, akwai kuma ƙanana irin ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu, waɗanda suka isa karanta lambobi da kallon saƙon sansa. Lambobin da suka shafi wannan fanni sanannu ne. P0120 zuwa P0123 na sansa na farko ne, P0220 zuwa P0223 na na biyu. P2135 yana nufin sansa biyu na jikin totur sun saɓa, P2138 kuma sansa biyu na abin takawa ne suka saɓa. P2111 faifai ya maƙale a buɗe, P2112 ya maƙale a rufe. P2118 ya shafi wutar moto, kuma a Toyota abin da za a fara dubawa shi ne ɗan fiyus mai rubutun ETCS, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. P0507 yana cewa silo ya yi sama.

Lamba ba hukunci ba ce. Tana nuna layin da matsala take ne kawai, kuma layin ya haɗa da sansa, da soket, da waya, da birenbos. Mai sikanin da ya karanta P2135 ya ce a sayo totur nan take bai gama aikinsa ba. Wanda kuma ya goge lambar ya karɓi kuɗi ya sallami mota ya yi abin da ya fi muni, domin tare da lambar birenbos tana ajiye hoton halin da motar ke ciki lokacin da abin ya faru, wato gudunta da zafinta da ƙarfin batir, kuma gogewa tana tafiya da wannan shaida. A rubuta komai tukuna.

Gwajin da ya fi kowanne amfani ana yin sa ne makulli a kunne, injin a kashe. Mutum ɗaya ya zauna ya riƙa danna abin takawa a hankali ƙwarai, daga sama har ƙasa, ya sake shi a hankali, ɗaya kuma idonsa na kan allon na'urar. Alƙaluman sansa na ƙafa ya kamata su hau sumul, babu tsalle, babu faɗuwa. Haka na jikin totur, ko da yake wasu motocin ba sa buɗe faifan sosai sai an sa giya ko an ba da umarni daga na'urar. Inda layi ya goge, lambar za ta yi tsalle ko ta faɗi sifili ta dawo, kuma a daidai wuri ɗaya take yi duk lokacin da aka maimaita. Daga nan sai a saki ƙafa, a kama damin wayoyi a girgiza shi kaɗan-kaɗan, daga soket har inda ya shige bodi. Idan alƙaluma suka motsa alhali ba wanda ya taɓa totur, an kama ɓarawon, kuma waya ce. Da mita ana tabbatar da volt 5 da at a bakin soket, ta bayansa, ba tare da huda waya ba. In volt 5 ɗin ya faɗi, a tuna cewa a motoci da yawa wasu sansa suna shan wuta daga layi ɗaya, kuma ɗayansu in ya yi shot yana jan sauran ƙasa. Cire su ɗaya bayan ɗaya yana nuna mai laifin.

Akwai cututtukan da ke sa rigar totur. Tiyon da ya tsage bayan iyafulo, wato sansan da ke auna iskar da ke shiga injin, yana shigar da iskar da ba a auna ba, silo ya rikice, sau da yawa tare da lambar P0171. Iyafulo mai datti, koyil mai rauni, famfon mai da ya gaji, da salansa da ta toshe, duk suna hana mota ja. A Volkswagen ɗan makunnin wutar birki kaɗai yana iya kunna EPC. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wanda ya zama ruwan dare da sunan maganin zafi, yana sa birenbos ta ɗauka injin bai gama ɗumama ba, ta riƙe silo a sama tana ƙara mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan asara ce da aljihu ke ji kullum. Har tabarmar ƙafa abar dubawa ce. Miliyoyin motocin da Toyota ya janye a 2009 da 2010 saboda gudu ba da umarni ba, tabarma mai danne abin takawa da abin takawa mai maƙalewa ne sanadinsu, kuma binciken hukumar NASA da aka fitar a Fabrairun 2011 bai gano laifin lantarki ba. Masu jibga tabarmar roba biyu ko uku a ƙarƙashin ƙafa su lura.

Wanki

Idan awo ya nuna sansa lafiya, kuma ga baƙin zobe, wanki ya wadatar. A kashe mota, a zare makulli, a cire kan batir, domin moton nan yana da ƙarfin da zai datse yatsa. Ya fi kyau a kwance totur ɗin gaba ɗaya. A fesa maganin wankin a tsumma mai laushi, a goge bututun da gefen faifan ciki da waje, ana riƙe da shi ta yadda ruwan ba zai gangara ɓangaren moto da sansa ba. Ba a tsoma shi cikin fetur, ba a kankare shi da sukundireba ko sanfefa, domin wasu suna da wani shafi a ciki, kuma ƙarcewa kaɗan tana canza ratar iska har abada. Faifan a tura shi a hankali, kada a sake shi ya buga. Ɗan notin da kamfani ya ɗaure ya shafa wa fenti ba na saitin silo ba ne, kuma wanda ya murɗa shi ya jawo aikin da ba ya da sauƙin gyara. Bayan wanki silo yakan tashi sama, saboda birenbos ta saba buɗe faifai fiye da kima don ta rama dattin. Wannan ba sabon ciwo ba ne, sake koyo take bukata.

Canzawa

Idan sansa ya goge, ko giya ta karye, ko moto ya mutu, a yawancin motoci sai dai a canza totur ɗin ɗungurungum, domin an rufe shi ne ba don a buɗe ba. Zaɓi uku ne a kasuwa: sabo na asali, wanda yake da tsada da wuyar samu, sabo na kwaikwayo, wanda ingancinsa ya bambanta ƙwarai, da ɗan Beljiyam, wanda aka ciro daga wata motar. Mafi yawan mutane na ukun suke saye, a shagunan Sabon Gari, ko a aika Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Ɗan Beljiyam na asali yakan fi sabon kwaikwayo, amma sau da yawa shekarunsa ɗaya da wanda ya mutu, kuma in irin mai gogayya ne, wataƙila shi ma layinsa ya kusa. Don haka a yi sharaɗi da mai shago tun kafin a biya cewa za a gwada da na'ura, in bai yi ba a dawo da shi. A duba murfin ko an taɓa ɓalle shi, a duba bakin soket ko ya yi kore, a tura faifan a ji ko yana tafiya sumul yana komawa da kansa.

Kamanni ba ya isa. Lambar da ke jikin tsohon ita ce abin bi, domin injin iri ɗaya, kamar 2AZ-FE na Camry ko 1ZZ-FE na Corolla, yana iya zuwa da totur daban gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa motar. Wannan ya fi muhimmanci a motar da aka taɓa canza wa injin, inda ake samun injin wata shekara a ƙarƙashin birenbos ta wata shekarar. A irin wannan hali birenbos ake bi.

Aikin kansa bai da yawa. A bar injin ya huce, a cire kan batir na at, bayan an tabbatar rediyon ba mai neman lambar sirri ba ne. A kwance tiyon iska. A danna maƙullin soket a hankali, domin robar da ta sha zafin shekara ashirin tana karyewa kamar ƙwai, kuma soket marar maƙulli zai dawo da ciwon da aka zo gyarawa. Motoci da yawa suna da ƙananan tiyo biyu na ruwan lagireto da ke ratsa totur, a matse su kafin a zare. Noti huɗu ne galibi. A toshe bakin injin da tsumma mai tsabta don kada wani abu ya faɗa, a share fuskar, a sa sabon gaskit. Gam ba ya maye gurbin gaskit, yana matsowa ciki ya kama faifai. A ɗaure notin a gicciye, kaɗan-kaɗan, da hannu mai sauƙi, musamman inda mazaunin na roba ne. A mayar da komai, a cika ruwan da ya zube, a tuna da cire tsumman.

Saura koyarwa, matakin da aka fi tsallakewa, sannan a zargi kayan da aka sayo. Dole birenbos ta san inda sabon faifai ke rufewa da yawan iskar da yake bari a silo, kuma kowane kamfani da hanyarsa. Toyota yakan koya da kansa bayan an kunna makulli an ɗan jira, an bar injin ya yi zafi a silo, an yi 'yar tafiya. Honda yana so a ɗumama injin har fankar lagireto ta tashi da kanta, sannan a bar shi a silo minti biyar komai a kashe, abin da ba zai yiwu yadda ya kamata ba a motar da aka haɗa wa fanka kai tsaye. Nissan yana da tsari na ƙidayar daƙiƙa, inda ake taka totur sau biyar cikin daƙiƙa biyar, a jira bakwai, a danne har wutar cek ta gama ƙiftawa, kuma kuskuren daƙiƙa ɗaya yana sa a sake daga farko. Volkswagen da Audi suna bukatar na'ura, a shiga saitin 060 injin a kashe, a ji moton yana kai faifan ƙarshe zuwa ƙarshe. Waɗancan Volvo kuwa sai an ɗora wa totur ɗin manhajar da ta dace da motar, don haka mai irinta ya tabbatar akwai mai na'urar kafin ya sayi kayan.

Idan abin takawa ne awo ya kama, aikin ya fi sauƙi: noti biyu ko uku da soket ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, tare da bin lambar kaya kamar yadda aka faɗa.

Bayan an gama sai a goge tsofaffin lambobi a fita gwaji na gaske, wanda ya haɗa da cunkoso, da gargada, da buɗaɗɗen titi irin na Samaru zuwa Shika, da iyakwandishan a kunne da a kashe. Silo ya kamata ya zauna tsakanin 600 da 800 a yawancin waɗannan motoci idan injin ya yi zafi. A dawo a sake sa na'ura, domin wasu lambobin suna ɓoye a matsayin masu jiran tabbaci kafin su kunna wutar cek. Idan lambar da aka fara da ita ta dawo da sabon totur, a koma kan wayoyi a auna kowace ɗaya daga soket har bakin birenbos. Sai an wanke su duka sannan ake zargin birenbos kanta, domin ita ce mafi ƙarancin lalacewa a cikin jerin, kuma canza ta a motar da ke da makullin tsaro yana jawo sai an sake haɗa ta da makullan motar.